Yadda Muka Yi da Kuɗin Cizo a Gidanmu

Da farko sauro muka ɗora wa laifi. Sai muka lura ko an sa gidan sauro yara suna tashi da kumburi a jere a hannu da wuya, ga ɗigon jini a zanen gado. Wani dare na ɗauki tocila na ɗaga bakin ɗinkin katifa. Abin da na gani ya sa tsigar jikina ta tashi: manya jajaye sun sha jini sun yi ɓul-ɓul, ƙanana suna ta gudun haske, ga baƙin kashinsu ɗigo-ɗigo, ga kuma ƙwai farare manne da zare kamar tsakin shinkafa. A akwatin yaronmu suka zo da ya dawo hutu daga makarantar kwana.

Maganin sauro na gwangwani muka fara fesawa. Wanda feshin ya sama kai tsaye yakan mutu, sauran kuwa ko a jikinsu. Yawancin waɗannan magunguna dangin sinadarin pyrethroid ne, kuma kuɗin cizo a ƙasashe da dama ya riga ya saba da shi.

Shawara kuwa ta yi ta zuwa. Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ki bar wahalar da kanki, ki zuba fiya-fiya ki kulle ɗakin, gobe sai shara." Fiya-fiya da Sniper duk sinadarin dichlorvos ne a cikinsu, kuma ba ƙarya yana kashe ƙwari. Amma maganin gona ne, ta fata yana shiga jiki, ta numfashi ma haka, tun 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni. Ni da ke da mai rarrafe ban ga yadda zan jiƙa katifa da shi ba. Wani ma cewa ya yi a jefa ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake a ƙarƙashin gado. Maigida ya ce ko da wasa. Wannan ƙwaya da ta ji danshi take sakin iska mai guba da ke ratsawa har ɗakin da ke kusa, ta kashe mutane suna barci, kuma babu makarinta.

Abin da ya fi yi mana aiki zafi ne. Kuɗin cizo da ƙwansa ba sa jure zafin da ya haura digiri 50. Muka kwance gadon katako gaba ɗaya, muka fitar da shi tsakar gida, na riƙa kwara tafasasshen ruwa a duk mahaɗa da ramin ƙusa. Nan ne matattararsu ta gaske, ba katifa ba. Zannuwan gado, labule da kayan sawa muka jiƙa su a ruwan zafi, bayan sun bushe aka bi su da guga, musamman wurin ɗinki. Abin da ba ya wankuwa, irin su jakar makaranta da takalma, muka zuba a baƙar leda, ba da yawa ba, muka ɗaure muka bar su a rana wuni guda. Mun ci sa'a watan Afrilu ne, ranar Kano tana kan ganiyarta. Shanya katifa a fili kawai, yadda aka saba, ba ya wadatarwa: saman ya yi zafi, su kuma su lallaɓa ƙasa inda ke da sanyi su jira magariba.

Daga nan muka kira mai feshi. Ya sa aka janye komai daga jikin bango, ya bi tsagar bango, bayan hotuna, gefen makunnin wuta da ƙarƙashin kujerun falo, bai taɓa inda muke kwanciya ba. Da zai tafi ya ce, "Hajiya, in ban dawo nan da mako biyu ba, kuɗinku kun zubar." Na ɗauka neman ciniki ne, sai ya yi bayani. Feshi ba ya cika kashe ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Dawowar ta biyu ita ke kama 'ya'yan kafin su girma su fara nasu ƙwan, ga shi mace ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200 a rayuwarta. A ganina nan ne akasarin mutane suke faɗuwa. A yi feshi sau ɗaya, a samu barcin 'yan kwanaki, a ce an rabu da su, bayan wata guda a ce maganin jabu ne, a koma neman wanda ya fi shi ƙarfi.

Ya kuma hana mu ƙaura zuwa falo. Kuɗin cizo yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma numfashin mutum da ɗumin jikinsa yake bi, duk inda ka koma zai same ka. Muka ci gaba da kwana a ɗakin, gado nesa da bango, zanen gado ba ya taɓa ƙasa, tsagogin bango aka liƙe su da siminti.

Mafi wuya shi ne yi wa maƙwabta magana, don gidan haya muke, bango ɗaya. Mutane suna ɓoyewa saboda kar a ce musu ƙazamai, alhali a 2023 birnin Paris kansa ya sha fama da shi har a otal-otal. Da na buɗe baki sai ga shi ɗakuna biyu suna fama a ɓoye, aka haɗa kuɗi aka yi feshi rana ɗaya.

Katifar yara ce kaɗai ba ta tsira ba, don soson ya yage sun shige ciki. Kafin a kai ta bola na sa aka yayyanka ta da wuƙa, don kada wani ya gan ta lafiya lau ya kwasa ya kai ɗakinsa.