Silikin Kanchipuram da ya raba ni da shagon Alhaji

Wannan makon na miƙa makullin shago bayan shekara 6 a Kantin Kwari. Masu tambayar me ya haɗa ni da maigidana Alhaji, to ba a Kano abin ya faro ba. A Kanchipuram ne, garin masaƙa da ke jihar Tamil Nadu, kamar kilomita 70 daga Chennai.

Aikena ya yi in sayo sari, wato zanen matan Indiya, na siliki, irin wanda wasu Hajiyoyi ke ɗinka kayan biki da shi. Na isa da hantsi, sai kallo ya ɗauke ni. Duk inda ka waiga wurin bautar Hindu ne. Hasumiyar ƙofar Ekambareswarar ta haura mita 50, Kailasanathar kuwa sarakunan Pallava suka gina shi tun wajen shekara ta 700. Mai adaidaitar da ya zaga da ni shi ya tsare min takalmi a bakin ƙofa, ya nuna min iyakar inda baƙo ke tsayawa. Da ya ce yana da ɗan'uwa masaƙi, kunya ta hana ni musu.

Shago ya kai ni, ko ƙarar ƙoshiya ban ji ba. Na kira Alhaji na faɗa masa farashi biyu, ya ce, "Kai dai ɗauko mai sauƙin, yaro." Na ɗauko guda 40.

A Kano wata Hajiya ta tsinko zare ɗaya ta ƙyasta ashana. Silikin gaske warin ƙonannen gashi yake yi, ya zama toka. Nawa narkewa ya yi kamar leda. Ta juya bayan zanen tana neman haɗin, domin na ainihi daban ake saƙa jikinsa, daban bakinsa, a sarƙe su da hannu, abin da suke kira korvai. Babu.

Wata 8 ana yankar albashina. Ranar da na ce, "Alhaji, ai kai ka ce mai sauƙin," cewa ya yi, "Ni na je Indiya ko kai?"

Sauran darussan ba su da yawa. Direban da ya san shago la'adarsa na cikin kuɗinka. Ka nemi tambarin Silk Mark, mai shaida cewa silikin na gaske ne, ka je shagunan ƙungiyoyin masaƙa. Umarnin maigida kuma a rubuto maka shi ta WhatsApp, ko da uba kake kiransa.

Bara na koma na sayo na gaske, ya ƙare kafin Sallah, ban ji ko sannu ba. Yaron da ya gaje ni dai na bar masa kwalin ashana a aljihun tebur.