Edward na Shida: Yaron Da Aka Rena Don Sarauta Tun Yana Zanin Goyo

Henry na Takwas ya yi shekara kusan talatin yana sarautar Ingila kafin ya samu ɗa namiji na aure da ya rayu. An haifi Edward a fadar Hampton Court ranar 12 ga Oktoba 1537, bayan kwana goma sha biyu mahaifiyarsa Jane Seymour ta rasu sakamakon ciwon da ya biyo bayan haihuwar. Duk wanda yake son gane halin yaron nan, daga nan zai fara: ɗa ɗaya tilo namiji, maraya, ga uba mai tsoron kada mutuwa ta ɗauke masa magaji.

Wannan tsoro ne ya tsara gidan yariman. Sarki ya ba da umarni a riƙa wanke ɗakunansa da sabulu, kada ya ci abinci sai wani ya ɗanɗana, kuma kada baƙo ya matso kusa da shi ba tare da izini ba. An hana barorinsa zuwa Landan a lokacin zafi saboda annoba. Margaret Bryan, wadda ta riƙe yayyensa Mary da Elizabeth, ita ta fara riƙonsa. Duk da wannan kaffa-kaffa, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi yana ɗan shekara 4, ya kuma warke. Maganar da ake yi cewa tun fil azal raguwar lafiya gare shi ba ta da ƙarfi, domin yaro ne mai hawan doki, mai farauta da harbin baka.

Da ya cika shekara 6 aka raba shi da hannun mata aka miƙa shi ga malamai. Richard Cox ya fara, a 1544 John Cheke, masanin Girkanci daga Jami'ar Cambridge, ya shigo, daga baya Jean Belmain ya zo da Faransanci. Daki-daki aka tafi: nahawun Latin da haddar gajerun kalaman hikima, sai rubuta wasiƙu, sai Cicero, har ya kai ga karanta Aristotle da Girkanci. Babban atisayensa shi ne a ba shi batu guda, ya rubuta hujjar goyon baya, ya juyo ya rubuta ta suka. Irin waɗannan rubuce-rubuce nasa da dama suna nan har yau da hannunsa. An haɗa shi da 'ya'yan manya don kada ya yi karatu shi kaɗai, a cikinsu ya shaƙu da Barnaby Fitzpatrick, ɗan wani basarake na Ireland. Ya koyi kiɗan molo irin nasu, yana kuma son taswira da sha'anin kuɗi.

Malaman nan duk masu ra'ayin Furotesta ne, haka ma matar ubansa Catherine Parr, wadda ya ɗauka tamkar uwa. Abin da aka zuba masa tun yana ɗanye shi ya bushe da shi. Yana ɗan shekara 11 ya rubuta doguwar maƙala da Faransanci yana sukar ikon Fafaroma.

Inda renon ya samu tangarɗa shi ne ɓangaren zumunci. Henry ya rasu ranar 28 ga Janairu 1547, aka naɗa Edward ranar 20 ga Fabrairu yana da shekara 9. Kawunsa Edward Seymour, basaraken Somerset, ya zama mai riƙon ƙwarya, ya kuma matse shi har kuɗin kashewa bai isarsa. Ɗaya kawun, Thomas Seymour, ya ga ƙofa, ya riƙa aiko masa da kuɗi a ɓoye ta hannun wani bara don ya saye zuciyarsa. A Janairu 1549 aka kama Thomas da dare a kusa da ɗakin sarki, a watan Maris aka sare kansa. Somerset shi ma ya faɗi a Oktoba na shekarar, bayan ya kwashi yaron cikin dare ya kai shi fadar Windsor don kare kansa. An kashe shi ranar 22 ga Janairu 1552.

A littafin da yake rubuta al'amuran mulkinsa, layi ɗaya Edward ya ba wannan kisa: an sare kan basaraken Somerset a Tower Hill tsakanin ƙarfe takwas da tara na safe. Da wannan layi ake yanke masa hukuncin cewa zuciyarsa dutse ce. A ganina an yi masa rashin adalci. Littafin na lissafin abin da ya faru ne, ba wurin zubar da hawaye ba, kuma yaron da ya ga kawunansa biyu sun mai da shi tsani ya koyi cewa bayyana abin da ke rai haɗari ne. Wasiƙunsa ga Barnaby cike suke da kulawa. Sa'ad da ya titsiye yayarsa Mary a ƙarshen 1550 kan ta daina ibadar Katolika, su biyun kuka suka yi, amma bai janye ba.

Taurin kai kam yana da shi, irin na ubansa. John Dudley, wanda ya karɓi ragama bayan Somerset, ya gane haka, sai ya riƙa sa shi cikin harkar majalisa tun yana shekara 14. Da ciwon ƙirji ya kama shi a farkon 1553, da kansa ya rubuta takardar gado, ya tsallake Mary da Elizabeth. Da farko ya ba wa 'ya'ya maza na Frances Grey, 'yar gwaggonsa, in babu sai 'ya'ya maza na 'yarta Jane Grey. Da ya ga rai ba zai kai ba, ya gyara kalmomin ya sa ita Jane ɗin a ciki, ya kira alƙalai gaban gadonsa ya matsa musu sai sun amince. Ya rasu a Greenwich ranar 6 ga Yuli 1553 yana da shekara 15. Ranar 19 ga watan aka shelanta Mary a matsayin sarauniya a Landan.