Kalmar "mura" ce ta rufe min ido, Hajiyarmu ta yi kwana 9 a gadon asibiti

Har yau in na tuna amsar da na ba likitan nan sai raina ya ɓaci. Watan Oktoba ne, na raka Hajiyarmu asibiti ranar ganin masu ciwon suga, ita da ma tana da asma tun muna yara, ga shekaru sun ja don ta haura 70. Ya gama duba takardar gwajinta ya rubuta magani, sai ya ɗago kai yace min, "Malam, kafin sanyi ya shigo a nema wa Hajiya allurar rigakafin mura, wadda ake yi duk shekara." Nace ranka ya daɗe, mura kuma? Yace eh, fulu nake nufi. Nace to, irin to ɗin nan da ake yi don a rabu lafiya.

Muna cikin napep za mu koma Tudun Wada, a nan Zariya, ina ta lissafi a raina. Ita wannan allurar ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi kyauta kamar ta shan inna ko ta ƙyanda, sai dai ka sa hannu a aljihu ka nema a asibitin kuɗi ko babban famasi. Na dai daure na tambaya a wani wuri a Sabon Gari, kuɗin da suka faɗa min ya kai cefanen gidanmu na sati guda, nan take zuciyata tace kai, murar da muke yi duk hunturu, a dafa citta da kanumfari a matsa lemon tsami, a yi sirace a shafa man zafi, kwana uku mutum ya miƙe, ita ce za a biya wa wannan kuɗin? Da na yi wa ƙanina maganar shi kuma ya ƙara min ƙarfi, yace Yaya ka manta abin da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da gwajin maganin Trovan? Abin ya faru da gaske, ban musa ba, amma na san sarai wancan gwajin sabon magani ne, ba rigakafin da aka shafe shekara da shekaru ana yi wa mutane a duniya ba. Na yi shiru ne kawai saboda maganarsa ta yi daidai da aljihuna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ni ne ɗan fari. Hajiya ko sunana ba ta kira, balle ta buɗe baki tace a kashe mata kuɗi. A gabanta likita ya yi maganar, ta ji, amma ba ta sake tayar da ita ba, ta bar komai a hannuna.

Cikin Janairu, hazo ya rufe gari ko masallacin layinmu ba ka hangowa da asuba, yarona ɗan shekara 6 ya dawo daga Islamiyya jikinsa zafi rau. Kwana biyu tsakani uwarsa ta kwanta, sai ni. Wallahi ban taɓa yin mura irin wannan ba, lokaci guda ta buge ni, da azahar ina shago lafiya lau, kafin magariba ina rawar ɗari cikin bargo biyu, gaɓoɓina kamar an yi min duka da taɓarya, kai na sarawa, ga busasshen tari mai ƙona ƙirji. Majinar ma ba ta da yawa. Shi kuma yaron nan ɗakin kakarsa ne wurin kwanansa in ba shi da lafiya, a jikinta yake lafewa, kuma ba wanda ya yi tunanin raba su.

Mu kalma ɗaya muke da ita, mura. Ta yoyon hanci da atishawa mura, wadda ke kayar da ƙato ta kwantar da shi sati guda ita ma mura. Alhali ba ƙwayar cuta ɗaya ba ce ke kawo su. Da likitan nan yace fulu, kunnena mura ya ji, ita kuma zuciyata ta hasko min majina da hankici. Da na tsaya minti biyu na tambaye shi me ya raba su, da labarin ya canza, amma ban tambaya ba don na ɗauka na riga na sani.

Da zazzaɓin ya kama Hajiya sai na ƙara kuskure a kan kuskure. Mun saba duk zafin jiki maleriya ce, na aika kemis aka kawo maganin maleriya ba gwaji ba komai, aka haɗo da antibayotik, muka yi ta ba ta har kwana huɗu. Daga baya ne aka fahimtar da ni cewa fulu bairas ne ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa bairas ko kaɗan, kuma akwai maganinta na musamman, oseltamivir, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwon, kuma irin su Hajiya ne aka fi so a ba. Awa 48 ɗin nan mun ƙone su muna maganin cizon sauro a tsakiyar hunturu.

Daren kwana na biyar matata ta buga min ƙofa tace ka zo ka ga Hajiya. Na same ta zaune ta dafa gado da hannu biyu, numfashi sama-sama, ƙirjinta na wani irin ƙugi, ta shaƙi abin asmarta ya fi sau nawa ba sauƙi, in ta fara magana ba ta iya kai ƙarshenta. Maƙwabcinmu Allah ya saka masa da alheri shi ya fito da mota wajen ƙarfe 2 na dare. Aka sa mata oksijin, aka yi hoton ƙirji, aka ce nimoniya, wato ciwon huhu, ga suga ya hau ya ƙi sauka saboda ciwon kuma ba ta cin abinci. Kwana 9. Ba zan tsaya lissafa abin da aka kashe ba, ya ninka kuɗin allurar nan fiye da sau goma, har babur ɗina sai da na sayar, kuma wallahi ba kuɗin ne ke damuna ba. Abin da ke damuna dare na uku ne, da ta kama hannun matata tana mata wasiyya a kan wanda take bi bashi da wanda ke binta, ni kuma ina tsaye bakin ƙofa na san abin da aka faɗa min a Oktoba.

Likitan sugan nata ya shigo zagaye ya gan mu. Na sunkuyar da kai ina jiran yace ba na faɗa maka ba, bai ce ba. Ya gaishe ta, Hajiya sannu, ya jiki, sannan ya ja ni gefe ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun farko. Yace fulu ce ke fara raunata hanyoyin numfashi, sai nimoniya ta samu ƙofa a buɗe, kuma ga matashi mai lafiya yawanci sati guda ne ya warke, amma tsoho da ya haura 65, da mai asma, da mai suga ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, da yaro ƙasa da shekara 5, su ne take kaiwa ƙasa. Hajiya ta haɗa uku a ciki. Nace to da an yi mata allurar da ba za ta kamu ba kenan? Yace a'a, ba zai yi min wannan alkawarin ba, a shekarar da allurar ta dace da irin bairas ɗin da ke yawo tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wanda kuma ya kamu duk da haka sau da yawa abin ya fi zuwa masa da sauƙi. Wani zai ce ashe rabi ne kawai. Ni da na kwana tara a kan tabarma a barandar asibiti ina sauraron tarin mahaifiyata, rabin nan da na same shi da hannu biyu zan karɓa.

Bayan an sallame mu na zauna na yi ta karatu a waya kamar mai shirin jarabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum 290,000 zuwa 650,000 ke mutuwa duk shekara a faɗin duniya ta dalilin wannan abin da muke kira mura kawai. Annobar 1918 ma, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, ita ce, ta jiragen ruwa ta sauka Legas sannan ta hauro har Arewa. Na kuma gane dalilin maimaita allurar duk shekara, wanda da nake ɗauka dabarar cin kuɗi ce: shi bairas ɗin kullum cikin sauya kama yake, shi ya sa hukumar ke zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta fitar da nau'ikan da za a haɗa sabuwar allura da su, ga shi kuma kariyar da ke jikin mutum tana raguwa da tafiyar watanni.

Da Oktoba ta zagayo ban jira kowa ya tuna min ba. Sai dai samunta a Zariya ba kamar sayen fanadol ba ne, wuri uku na je babu, na huɗu suka ce sai an yi oda daga Kaduna in dawo bayan kwana biyar. Ka nemi a nuna maka kwalin ka ga shekarar da ke jiki da ranar lalacewa, kada a ba ka ragowar bara, kuma ka tabbata daga firji aka ciro ta, sanyi take so amma ba ƙanƙara ba, da yadda wutarmu take ni sai da na tambaya ko suna da sola kafin na yarda. Kada kuma a bari sai mura ta shigo gida sannan a ruga, tana ɗaukar kamar sati biyu kafin ta fara kare mutum. Aka yi wa Hajiya, aka yi wa matata da ke da ciki wata biyar lokacin bayan mun tambayi masu awo sun ce ai su ake so su yi, aka yi min. Yaron ne ya zo min da abin da ban shirya ba, nas tace wanda bai kai shekara 9 ba kuma bai taɓa yi ba sau biyu ake masa, sati huɗu tsakani, dole na sake nemo kuɗi. Ban tsallake shi ba, don ta hanyarsa ciwon ya shiga ɗakin Hajiya. Dantsen Hajiya ya yi tsami kwana biyu, ni na ɗan ji kasala dare ɗaya, shi ke nan.

A Disamba na yi mura, ta majina da atishawa. Ƙanina ya zo gaida Hajiya ya same ni da hankici yace Yaya ina amfanin allurar taku? Raina ya ɓaci sosai, don shi ma yana barandar nan muka kwana tare. Nace masa wannan ba ita aka yi wa rigakafin ba, dubi ni a tsaye nake, shago zan tafi. Bai gamsu ba, har yanzu bai yi wa 'ya'yansa ba, ni kuma na ce masa duk yaron da ke zazzaɓi da tari kada a kawo shi ɗakin Hajiya sai ya warke, ya ji haushi ya yi sati biyu bai zo ba.

Hajiya ta tsallake hunturun nan ba a kwantar da ita ba, alhamdulillahi. Amma ba ta koma yadda take ba tun waccan kwanciyar. Da da ƙafarta take zuwa gidan ƙanwarta a Tudun Jukun ta dawo, yanzu daga ɗakinta zuwa zaure sai ta tsaya ta dafa bango ta huta. Katin allurar na cikin jakar magungunanta tare da katin asibitin suga, na rubuta Oktoba da jan biro a bayansa.