Abin da nake saurare kwanan nan

Mu kaɗan ne 'yan Arewa a Legas ɗin nan masu sauraron kiɗan gargajiyar Turawa, wanda ake yi da goge-goge da fiyano galibi ba waƙa, to shi ya sa duk wanda ya samo sabon abu sai ya turo wa sauran a WhatsApp.

Ni dai satin nan Fela Sowande ne ya kama ni. Bayarabe ne, an haife shi a 1905, gwanin kaɗa ogan, abin kiɗan coci mai kama da fiyano, kuma African Suite ɗinsa na 1944 wallahi abin ji ne, ya ɗauko sautin Afirka ta Yamma ya ɗora wa goge-gogen Turawa zalla, ba ganga ko ɗaya amma ɓangaren ƙarshe Akinla sai ka ji ƙafarka tana motsi da kanta, ko a danfo kake cikin goslo ɗin Agege kwandasta na ihu a kanka.

Wani abokinmu kuma ya nace wa Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, simfoninsa na 9 (dogon kiɗa na taron makaɗa) da aka fara kaɗawa a Viyana a 1824 lokacin mutumin ya riga ya kurmance. Yana da daɗi kam amma ya fi awa ɗaya, sai ranar hutu gaskiya.

Da daddare kiɗan Bach nake sawa, shi ma Bajamushe ne, na babban gogen nan da ake kira cello shi kaɗai. Maigida na shago ya ce wai kukan me ake yi haka. In an sa wasa a zauren kiɗa na MUSON da ke Onikan zan ja shi mu je ya gani da idonsa.