Tabon da ke cinyata, daga sarƙa mai dakushi ya fito

Ƙannena da kuka fara riƙe injin yankan itace, da ku nake magana. Na koyi wannan sana'a a dazukan Bali a jihar Taraba, shekarun da ake rububin madobiya, icen da 'yan kasuwa ke kira madrid, tireloli na ɗauka zuwa Legas a tura China. Lokacin kowa sauri yake yi. Da yawan gungumen da ka tara ake biyanka, don haka duk mintin da inji yake kashe gani muke yi kuɗi ne ke zubewa. Da wannan tunanin na ji wa kaina ciwo, na kuma kashe wa maigidana inji.

Ranar da na yanke, gungumen ƙirya nake rabawa. Kun san ƙirya da tauri, ga shi ya daɗe kwance a ƙasa, ɓawonsa ya sha yashi. Tun da hantsi sarƙar injin, mai haƙoran da ke yankan, ta taɓa ƙasa sau biyu. Alamun duk sun bayyana a gabana. Sarƙa mai kaifi sassaƙe take fitarwa, manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace, kai dai riƙe ta kake yi. Tawa kuwa gari take fitarwa mai laushi kamar na tuwo, hayaƙi na tashi daga tsagar, yankan yana karkata gefe guda. Yaron da ke ɗaukar mini jarka ya ce, "Yaya, a tsaya a wasa mana." Na ce masa bari mu ƙarasa wannan. Na ɗora nauyina gaba ɗaya a kan injin ina dannawa, ƙafata ta hagu a gaba, daidai layin yankan. Da itacen ya rabu babu abin da ya tare injin. Ya zarce da ƙarfin da na ɗora masa, ya sauka a cinyata, ɗan sama da gwiwa. Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, kuma yankanta ba irin na wuƙa ba ne, nama take kwashewa. Ɗinki 14 aka yi mini, na yi wata biyu ban shiga daji ba.

Wasawar da na ƙi tsayawa in yi ba ta kai minti goma ba. Shi ya sa nake roƙonku ku koyi aikin magagari kafin ku koyi kayar da itace. Kowace sarƙa da girman magagarinta: babbar sarƙar da ake ɗaura wa Stihl 070, injin da ya fi yawa a hannun masu tsaga katako a ƙasar nan, tana son mai kaurin milimita 5.5. Ka kafe injin kada ya motsa, ka tura magagarin daga cikin haƙori zuwa waje, ka ɗaga shi in za ka dawo. In yankan gicciye za ka yi, karkata shi kamar digiri 30. Masu tsaga katako a tsawonsa suna rage karkatar zuwa wajen digiri 10. Ƙirga shafar da ka yi wa kowane haƙori, dama da hagu su zo daidai, in ba haka ba injin zai riƙa janye wa gefe. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe da ke ƙayyade zurfin cizo. Na ga samari suna goge shi sosai wai don inji ya ci da sauri. Ni ma na yi. Abin da ke biyo baya inji ne mai fizga da tsalle a hannu. Tazarar da ake so tsakanin tudun da bakin haƙori ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don haka. Al'adata yanzu, duk sanda na tsaya zuba mai sai na bi haƙoran da magagari sau biyu ko uku.

Ɗaurin sarƙa ma haka. Ta kwanta jikin takobin, wato dogon ƙarfen da take zagayawa, kada ta yi lilo a ƙasa, amma ka iya jan ta da hannu in ka sa safar hannu, inji a kashe. Sabuwar sarƙa tana saurin saki, sai ka riƙa dubawa. In ka ƙara ɗaure ta tana da zafi, to sassauta ta bayan an tashi aiki, domin in ta huce tsukewa take yi. Takobin kuma ka riƙa juya shi, na sama ya koma ƙasa, ka tsantsame kwatarsa da ramin da man sarƙa ke bi.

Injin maigidana kuwa da ganganci wajen haɗa mai na kashe shi. Waɗannan injuna ba su da wurin zuba man inji daban kamar mota. Man da ka gauraya a fetur shi kaɗai ke sa fistin ya zame. Ni da ido nake aunawa, in kalar ta ɗan canja in ce ya isa. Wata rana man gaurayawa ya kusa ƙarewa, gari da nisa, na raba ɗan ragowar a jarka guda. Kafin la'asar injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak, igiyar tayarwa ta ƙi jawuwa. Da makanike ya buɗe, fistin ya kafe, jikin silinda duk zane. Maigidana bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Kai da na ɗauka kamar ɗana." Da bulala ya sa mini da ta fi sauƙi. Ku riƙe lissafin: in man kamfani ne mai kyau da aka yi don irin wannan inji, mililita 100 ne a lita 5 na fetur. In littafin injinka ya faɗi wani awo daban, bi nasa. Nemi kwalbar awo ko babban sirinji ka ajiye a jaka. Fara zuba man a jarka, sannan fetur, ka girgiza sosai, kuma kada ka haɗa wanda zai wuce wata guda a ajiye. Fetur ɗin bumburutu in dole ta sa, tace shi da kyalle mai tsabta ka duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa.

Baƙin mai da aka juye daga mota, wanda yawancinmu ke zuba wa sarƙa don araha, na daina. Cike yake da ɓurɓushin ƙarfe, yana cinye famfon mai da takobi, ga shi yana fantsama a fatarka yini guda. Kafin ka fara aiki, nuna bakin takobin saitin kututture ka ba shi wuta kaɗan. In ba ka ga layin mai ya fito ba, kada ka yanka komai. Da hunturu kuma, ƙurar nan tana toshe matacin iska cikin kwana ɗaya, sai ka ji inji ya rasa ƙarfi yana shan mai. Wanke shi kullum da yamma.

Akwai tutsun inji. In gefen sama na ƙarshen takobi ya taɓi reshe ko wani gungume da ba ka gani ba, injin kan yi sama ya dawo saitin fuska kafin ka ƙifta ido. Sababbin injuna suna da birkin sarƙa da ke kamawa a irin wannan hali, amma tsofaffin manyan injunan da muke gada da yawa ba su da shi. Don haka hannu biyu koyaushe, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, jikinka a gefen layin yanka, kuma kada ka yanka abin da ya wuce kafaɗarka. Wannan tayarwar da muke yi ta burga, a riƙe inji a iska a wurga shi ƙasa ana fizgar igiya, ku bar ta. Ajiye shi a ƙasa, taka mariƙin baya, sannan ka ja, kuma ka matsa aƙalla mita 3 daga inda ka zuba mai.

Wajen kayarwa, wani maɗaci ne ya koya mini. Na sare bakin gaba, wato tsagar da ake yi ta gefen da ake so bishiyar ta faɗi, yadda ya kamata, amma da na zo ta baya sai na zarce na cinye tsokar da ya kamata in bari a tsakiya. Wannan tsokar, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kaurin bishiyar, ita ce linzami. Da na yanke ta, maɗacin ya juya a kan kututturensa ya faɗi inda muka ajiye kayanmu, inda yarona ya tashi ba da jimawa ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Kafin ka tayar da inji, zagaya bishiyar ka ɗaga kai: ina ta karkata, ina iska ke kaɗawa, akwai busasshen reshe a sama, akwai zuma a kogo, in cikin gari ne ina wayar lantarki. Share hanyar gudu ta baya a karkace, ba miƙe ba, domin gindi yakan yi harbi. Kowa ya ja baya fiye da tsawon bishiyar sau biyu, yara masu kallo da masu jiran itacen girki har da su. Takardar izinin malaman gandun daji kuma ka tabbata tana hannu. Wanda ke aiki yana waige-waige ba ya duban sama.

Kunnena na hagu yanzu ƙara yake yi dare da rana, in ana hira a majalisa sai na juyo da na dama. Ƙarar injin nan ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne, hular kwano, tabarau, takalmi mai ƙarfe a baki, duka ba su kai kuɗin ɗinkina ba. Silifa da 'yar shara mai reto ba kayan daji ba ne. Kwayar da wasu ke haɗiya wai don su daina jin gajiya, na ga abin da take yi: gajiyar tana nan, hankalin ne ke tafiya. In hannunka ya fara rawa, kashe inji ka zauna ka sha ruwa.

Kada kuma ka shiga daji kai kaɗai, ko aikin rabin sa'a ne. Ranar da na yanke, yaron nan ne ya cire rigarsa ya dunƙule ya danne ciwon da dukkan ƙarfinsa, bai ɗaga don ya leƙa ba, bai zuba ƙasa ko fetur ba kamar yadda wasu ke yi, ya ɗaure tam, ya ruga ya kira mai babur. Tun daga nan, kafin mu sauke kaya sai na nuna wa abokin aikina inda bandeji yake a jaka, mu kuma juya babur ya fuskanci hanya, makulli a jikin babur ɗin.