Jakar gwanjo da koren fasfo

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau dai na sayi jakar. Wata uku ke nan ina zane-zanen hanya a bayan littafin da nake rubuta bashin shago, amma sai yau kwabona ya fita saboda tafiyar nan ta zagaya duniya.

Da hantsi na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Wambai, wajen 'yan gwanjo. Jakar goyo nake nema, irin mai ɗamara a ƙugu, kuma ba ƙatuwa ba, don jiragen araha na ƙasashen Asiya kilo 7 suke yarje wa mutum ya shiga da shi ciki, abin da ya ɗora sai ka biya. Mai jakar ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, bautar ƙasa za a tafi ko yaro za a kai makarantar kwana?" Na ce tafiya ce dai. Ya sa mata dubu 25, na taya takwas, ya ce albarka har da juya baya. A 14 muka daidaita, da zif ɗaya a mace. Baduku na bakin layi ya canza shi kafin in gama shan rake.

Daga nan na wuce Wapa, ba don in yi canji ba, don in ji farashi da kunnena. Adashin shekara biyu da ribar gyaran waya, kuɗin da idan na tuna da su a naira nake jin kaina wani ƙusa, ɗan canji ya danna su a kalkuleta ya juyo mini da fuskarta. Tun da dala ɗaya ta haura naira 1,000, duk abin da ka tara sai ya koma kamar gishiri a ruwa. Na yi godiya na fito ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne takarda. Na kalli bidiyon Turawa masu yawo da jaka a YouTube ba adadi. Duk lissafinsu gado ne da abinci: ka kwana a ɗakin mutum takwas, ka ci a bakin titi, ka hau motar dare don ka huta da kuɗin masauki. To wannan ai ba sai an koya wa ɗan Kano ba. Wanda ya taɓa kwana a tashar Unguwa Uku yana jiran mota ta cika ya gama wannan makarantar. Abin da ba sa faɗa, don bai taɓa damunsu ba, shi ne su fasfonsu ke buɗe ƙofa, mu namu sai an tsaya an yi masa tambayoyi. Bizar Shengen ta ƙasashen Turai Yuro 90 ce, ta Amurka dala 185, kuma idan aka hana ka, kuɗin sun tafi ke nan.

Don haka na juya lissafin. Maimakon in tambayi ina nake so in je, sai na tambayi ina za a bar ni in shiga. Ƙasashen ECOWAS ba biza, kwana 90. Zan gangara Legas a motar dare, in bi ta Seme zuwa Kwatano, Lome, Akara, in hau Kumasi, sannan Abijan, in lallaɓa har Dakar. Da ta arewa na so bi, Katsina, Jibiya, Maraɗi, Yamai, amma da yadda tsaron hanyar yake, ga Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, na ajiye wannan sai wani jiƙon. Daga Dakar sai jirgi zuwa Kigali, don Ruwanda ba ta wahalar da ɗan Afirka a bakin iyaka, sai Nairobi ta mota, sai jirgin ƙasa zuwa Mombasa. Maldibs suna buga bizar kwana 30 a filin jirgi, kuma ƙasar Musulmi ce, ba ni da fargabar abin da zan ci. Fiji ma ba ta neman biza a wajenmu, haka Barbados.

A nan zaren ya ƙulle. Daga Fiji in za ka ci gaba gabas, jiragen da na gani Amurka ko Kanada suke sauka, kuma ko fita daga filin jirgin ba za ka yi ba sai da bizar wucewa. Barbados ta ce bismilla, amma hanyar gidanta ta tsakar gidan waɗanda ba su ce ba take bi. Na zauna da taswira a shago har wani ya zo karɓar wayarsa na manta ban ɗaura mata batir ba.

Bayan la'asar na je gaida Kawu a Yakasai, da jakar a bayana don ban biya gida ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon jakar. Da na gama zayyana masa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, kakanka da ƙafa ya je Makka."

Na sha jin wannan, amma ban taɓa jin hanyar dalla-dalla ba sai yau. Daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lami da yanzu ake kira Njamena, zuwa Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina, a bi Fashir da Ubayyid har bakin Nilu, daga can sai Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Kawu ya ce shekara bakwai kakan nawa ya yi kafin ya dawo. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi aiki. Ya tsinci auduga a gonakin Jazira, ya zauna a Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda ya ce har yau in ka yi sallama da Hausa da Hausa za a amsa maka. Hanyar nan yanzu ba ta biyuwa, tun yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023. Kawu ya jinjina kai a kan wannan ya daɗe.

Sai ya jefo mini tambayar da ba ta cikin littafina. "Shi da allura da zare ya tafi, yana ɗinkin hula. Kai da me za ka tafi?" Na ce da kuɗin da na tara. Ya ce, "Kuɗi ai guzuri ne, ƙarewa suke. Sana'a nake tambayarka." Ya ce fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba otal suke sauka ba, kowane zango da fatomansa, shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai saye. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Akara daga nan suka samo suna. "Ka sauka a masallacin zango ka ce daga Kano kake, ka ga ko za ka kwana a waje."

Na san a Maldibs ko Fiji bizar baƙo ba ta ba ni damar taɓa aikin kowa. Amma daga Kwatano zuwa Dakar wayoyi na fashewa kamar yadda suke fashewa a Farm Centre, kuma sukundirebobina da ɗan abin narka dalma ba su kai rabin kilo ba. A adaidaita na ciro littafin na soke takalmi na biyu, na rubuta kayan aiki a wurinsa.

Saura Hajiya. Kuskuren da na yi shi ne da ta tambayi jakar mece ce, bakina ya suɓuce na ce zagaya duniya zan yi. Ta ajiye ludayi. "Yawon duniya? A gidan nan?" Na yi ta gyarawa, yawon buɗe ido ne Hajiya, ba shiga duniya ba, amma kalmar ta riga ta fita. Ta ce wanda ke da kuɗin jirgi har wata Fiji ai yana da kuɗin Umara, yana kuma da kuɗin lefe. Ban da amsar ko ɗaya, sai na ce Kawu ya ba ni labarin Alhaji babba. Ta ce, "Shi ɗakin Allah ya nufa. Kai ɗakin wa ka nufa?" Na sunkuyar da kai na ci tuwona.

Jibi Litinin zan je a yi mini allurar shawara in karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, don ba a tsallaka Seme ba shi. Fasfona kuma saura wata tara ya mutu, ƙasashe da yawa kuwa sai da ragowar wata shida suke karɓa, don haka sabo zan yi, mai shafi 64 na shekara 10. Tsallaka tekun Fasifik na bar shi da alamar tambaya.

Na fito alwala ɗazu na tarar ba jakar a inda na ajiye ta. Tana kan igiyar shanya tana ɗiga. Ƙanwata ta ce Hajiya ce ta wanke ta da kanta, wai warin gwanjo take yi, kuma ba a san wanda ya goya ta ba.