Kafin ka sayi sabon katin hoto a Maraɗi, fara duba wat

A watan Janairu na 2025 kamfanin Nvidia ya fito da sabbin katunan hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoton da ake gani a allo, na jerin RTX 50. Babbansu, RTX 5090, yana da ma'ajiya giga 32, farashinsa da ya fito dala 1,999, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Lambar da masu talla ba sa ɗaga murya a kanta ita ce wat 575. Katin shi kaɗai ke shan wannan wuta, ba a ma zo kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, da allon kallo ba. In ya yi awa takwas yana aiki gadan-gadan ya cinye kilowat-awa 4.6, kuma duk wutar da ya sha zafi take komawa ta zauna cikin ɗakin. Kamar ka kunna dutsen guga ƙarƙashin tebur ne ka bar shi yini guda.

Masu gwada waɗannan katuna a Turai da Amurka a ɗakuna masu sanyi suke yi, digiri 21 zuwa 25. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin waje yana haura 40, shago mai rufin kwano in babu kilim bai fi waje da komai ba. Zafin kati yana bin zafin ɗaki kusan digiri da digiri, saboda haka katin da ya nuna 70 a wurinsu, a nan 85 zai nuna. Ba ƙonewa zai yi ba, rage wa kansa gudu zai yi. Fankoki su yi ta kururuwa, bidiyon bikin da ake fitarwa cikin minti ashirin bayan sallar asuba ya ja lokaci bayan azahar. An biya kuɗin doki, ana tafiyar jaki.

Katunan da suka dace da mu suna ƙasa da wat 200. RTX 5060 Ti, wanda ya fito a Afrilun 2025, wat 180 yake ci. RX 9060 XT na AMD ya biyo baya a Yuni, mai giga 16 ɗinsa wat 160, a kan dala 349. Arc B580 na Intel, na Disambar 2024, giga 12 ne, wat 190, dala 249. Wannan farashin kamfani ne a lokacin da suka fito. Kafin kaya su biyo ta Dubai ko Kano su iso nan, ya riga ya tashi. Sai dai akwai tarko. 5060 Ti da 9060 XT kowanne iri biyu ne, mai giga 8 da mai giga 16, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. A sa katin a na'ura tun a shago, a buɗe manhajar GPU-Z a ga adadin da ido kafin a miƙa kuɗi. Ma'ajiyar kati ba a ƙara ta daga baya. In ta cika, sai katin ya koma aro daga ram, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, hoto ya riƙa sarƙewa, aikin bidiyo na 4K mai kwalliya da yawa ya tsaya cak. A ganina giga 8 a sabon kati ƙwauro ne kawai.

Shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya ce RTX 5070 na dala 549 yana kamo RTX 4090, babban katin jerin da ya gabata. Maganar ta tsaya ne kan dabarar DLSS 4, inda katin ke zana hoto ɗaya na gaske ya ƙirƙiro har uku ya cusa tsakani. A wasa ido zai ga santsi. Mai haɗa bidiyo ko mai zanen gini bai ƙaru da komai ba. Abin da zai amfane shi shi ne katunan nan uku, 5060 Ti da 9060 XT da B580, duk suna matse bidiyo da tsarin AV1, wanda ke ba da ƙaramin fayil ba tare da hoto ya dushe ba, ga mai tura aiki da intanet ɗin waya wannan kuɗi ne a aljihu.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane tsofaffin na ofis ne, Dell da HP da aka kawo kwance. Akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa babu ma wayar da ake sa wa kati. Ramin katin da ke jikin uwar allo, faifan da ake dasa duk sassan kwamfuta a kai, wat 75 kawai yake bayarwa, waya mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 ta ƙara 150. A irin wannan na'ura RTX 3050 mai giga 6 ne zai shiga lafiya, don wat 70 yake ci. Kada a ɗauko ƴar wayar nan da ke juya bakin SATA, na wutar faifan ajiya, ta mai da shi na kati. Ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba, narkewa yake yi. B580 kuma yana da sharaɗinsa: sai an kunna saitin Resizable BAR a cikin BIOS, manhajar da ke cikin uwar allo, kuma Intel ta ce daga furosesanta na ƙarni na 10 ko Ryzen 3000 na AMD zuwa sama. In babu, katin zai yi aiki amma yana ɗingishi.

Wanda ya nace sai babban kati, ya kula da sabon baki mai ƙafa 16 da ke ɗaukar har wat 600. Tun 2022 aka fara ganin yana narkewa a jikin RTX 4090, galibi don bai shiga duka ba, sai wuta ta taru a wasu ƙafafu ta bar saura. A tura shi har ya yi ƙas, kada a ga ko siririn tsaga, kuma a bar wayar ta miƙe kamar santimita uku da rabi kafin a lanƙwasa ta. Murfin akwati in yana danna ta, gara a sake akwati.

Ta fannin furosesa, wanda zai sayi na hannu ya yi hattara da Intel na ƙarni na 13 da 14, musamman i7 da i9 da i5 masu harafin K. Suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, a hankali cikinsu ya lalace, manhaja ta riƙa rufewa haka kawai, shuɗin allo ya yawaita. Intel ta fitar da gyara mai lamba 0x12B a Satumbar 2024, ana samunsa ta sabunta BIOS, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, garanti kuwa ba ya biyo kayan da ba su da rasit. Ƙarni na 12, irin su i5-12400, wannan cuta ba ta taɓa su ba. Core Ultra 200S na Intel, na Oktobar 2024, sun fi sanyi, amma sai da sabuwar uwar allo da ram DDR5. Haka Ryzen 9000 na AMD. 9600X da 9700X wat 65 aka rubuta musu, daidai da yanayinmu. Matsalar ita ce tun ƙarshen 2025 ram ya yi tashin gwauron zabi, saboda masu gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe shi. Mai tsohuwar uwar allo ta AMD, wato AM4, da ram DDR4 ya zauna inda yake, ya sa Ryzen 5 5600 bayan ya sabunta BIOS, ragowar kuɗin ya zuba a kati.

Sai ondilar, mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Abin da aka rubuta a jikinta VA ne, ba wat ba, kuma mai 1,000 VA sau da yawa wat 600 take ɗauka. Kwamfuta mai kati na wat 180 da furosesa na 65, haɗe da allon kallo, tana kai wa wajen 350, ta samu wuri. Da 5090 kuwa, ana ɗauke wuta za ta yi ƙara ta mutu tare da aikin. Akwatunan wuta na zamani kuma wasunsu ba sa jituwa da ondilar mai araha wadda igiyar wutarta ba ta da santsi, daidai lokacin juyawa zuwa batir sai na'ura ta kashe kanta. A gwada tun a shago: a ɗora wa katin aiki, a zare filogi daga bango, a gani.

Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya kati cikin ƴan makonni. A ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, a hure shi duk wata da na'urar hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyi ta ɓata gindinta. A cikin manhajar MSI Afterburner akwai ma'aunin iyakar wuta. A sauke shi zuwa kashi 80 cikin 100 daga Maris har ruwa ya sauka. Kati mai wat 180 zai koma 144, gudun da za a rasa kaɗan ne, kuma da rana tsaka ma yakan fi wanda aka bari a 100 tafiya, tunda wancan zafi ya riga ya taka masa birki.